Gaskiya ko Jita-jita: "Alhaji, Ƙwaƙwalwar Motarka Ce Ta Ƙone"

Mota ta kwana lafiya, da safe rimot ya ƙi buɗe ƙofa. An samu an shiga da makulli, sai ga waifa tana kai da kawo ba wanda ya taɓa ta, sigina ta hagu ta ƙi kamawa, gilashin baya ya maƙale a rabi. Kafin mai mota ya gama bayani a gareji an riga an yanke hukunci: "Alhaji, ƙwaƙwalwa ce ta ƙone, sai an sayo wata." Daga nan sai a nufi Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a zube kuɗi masu nauyi. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Abin yana damuna ƙwarai, domin kuɗin da ke salwanta a irin wannan gyara kuɗin cefane ne da na makarantar yara.

Mu fara da zancen cewa mota ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta. Wannan jita-jita ce. Motar zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci da dama: akwai ta inji, akwai ta giya, akwai ta birki, sannan akwai wadda ke kula da wutar jikin mota, wato fitilu, sigina, waifa, gilasai, kulle ƙofofi da hon. Ita ce BCM, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata. A Peugeot 307 da 407 sunanta BSI, a Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 sunanta MICU kuma a cikin akwatin fiyus na ƙasan sitiyari take, Mercedes kuwa SAM take kiran nata, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Duk wanda ya ce maka ƙwaƙwalwa ta ƙone, ka tambaye shi: wacce daga ciki?

Babbar maganar da ta fi cin kuɗin mutane ita ce, "ai an sa mata kwamfuta, kwamfuta ta nuna BCM." Na'urar bincike ba ta ƙarya, amma ba abin da ake ɗora mata take faɗa ba. Tun 1996 kowace mota da ake sayarwa a Amurka tana da soket mai ramuka 16 a ƙasan dashbod, inda ake jona na'urar. Lambobin da take fitarwa iri huɗu ne: masu farawa da P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin. Lambar da ta fi jawo wa BCM hukunci ita ce U0140. Ma'anarta kawai, sauran kwamfutocin sun nemi BCM ba su ji ta ba. Fiyus ɗaya da ya tsinke zai kawo wannan lamba. Wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin mota idan ta yi tsatsa za ta kawo ta. Ɓera ya ci waya, ita ce dai. Batir mai rauni kuwa yakan cika allon na'urar da lambobin U daga sama har ƙasa, alhali babu kwamfutar da ta lalace ko ɗaya. Ƙari a kan haka, ƙaramar na'urar nan mai araha da ake haɗawa da wayar hannu galibi lambobin inji kawai take karantawa, ba ta shiga BCM ma sam.

Mai wayarin da ya san aikinsa ba ya fara kwance dashbod. Mita yake ɗaukowa. Ya ɗora ta a kan batir mota a kashe: cikakken batir yana nuna bolt 12.6, idan ya ga 12.0 ya san batirin ya yi ƙasa sosai. Ya tada inji ya sake aunawa: tsakanin 13.5 da 14.5 altaneta na caji daidai. Sai ya bi fiyus ɗin da ke ciyar da BCM ɗaya bayan ɗaya, ya kwance ƙusar da ke ɗaure wayoyi da ƙarfen mota ya goge tsatsar. Ya zare soket ɗin BCM ya haska da tocila, yana neman kore-koren nan da ruwa ke bari a kan tagulla, ko ƙafar da zafi ya baƙanta. A motocin 2008 zuwa sama yakan cire kan batir ya auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin bincike, inda wayoyin sadarwa biyu na CAN suke. Ya ga kusan om 60, layin lafiya lau. Ya ga 120, wani wuri ya tsinke. Ya ga kusan sifili, wayoyin sun haɗe. Idan kuma matsalar a ƙofa ɗaya take, sai ya janye robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, domin a nan wayoyi ke karyewa saboda yawan buɗewa da rufewa. Sai wuta ta shiga BCM daidai, umarni ya isa gare ta daga makunni, amma ta ƙi fitar da wuta zuwa fitila ko gilashi, sannan ake da hujjar cewa ta mutu.

To, BCM tana mutuwa kuwa? Gaskiya ne, tana mutuwa, kuma mafi yawan lokuta mu ne ke kashe ta. Al'adar nan ta zare kan batir inji na aiki don a gane ko altaneta na caji, a zamanin Peugeot 504 da 505 ta samo asali, lokacin da babu kwamfuta a mota. Yau idan aka yi haka, batirin da ke shanye hauhawar wuta ya fita daga layi, wutar na iya yin tsalle ta ninka bolt 12 sau da dama cikin ƙiftawar ido, ta bi ta kan kowace kwamfuta. Wanda ya ce maka wannan gwaji ba ya cutarwa, jita-jita yake yaɗawa. Haka nan juya kan waya wajen jona batir da na wata mota, da yin walda a jikin mota batir na jone. Haka naɗa siririyar waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus: an sa fiyus mai amfiya 10 ne domin shi ya ƙone kafin abin da ke bayansa, idan aka hana shi ƙonewa allon BCM ne zai ƙone. Masu saka na'urar bin sawun mota da ƙarin fitilu da manyan lasifika su ma suna da nasu kason, idan suka fere waya suka jona inda suka ga dama.

Sai ruwa. Volkswagen Passat ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2005 ta yi suna a nan, domin na'urarta ta kulle ƙofofi da gilasai a ƙasan kafet take, magudanar ruwan gaban gilashi na toshewa ruwa ya gangaro ya kwanta a kanta. Mai wankin mota da ke watsa ruwan tiyo a cikin mota yana yin irin wannan ɓarnar. Motocin da ambaliya ta shanye, ko waɗanda aka kwaso daga gwanjon Amurka bayan guguwar Harvey ta 2017, ko na Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a 2024, sukan tashi su yi tafiya kamar ba komai, sai bayan watanni tsatsa ta gama cin soket matsala ta fara bayyana.

Ana kuma cewa batir in yana mutuwa cikin dare BCM ce ke shanye shi. Wannan rabi gaskiya ne. Takan ƙi yin barci ta kwana tana jan wuta, amma rediyo ko fitilar but ko na'urar bin sawu ma na yin haka. Aunawa ake yi: a rufe mota a jira kamar rabin awa, wutar da ake ja ta sauko ƙasa da miliyamfiya 50. In ba ta sauko ba, a bi layukan ɗaya ɗaya har a kama mai laifin. Cire kan batir na ɗan lokaci kuwa yakan farfaɗo da BSI da ta rikice, amma ba ya ɗinke waya, ba ya kuma busar da ruwa.

Idan ta tabbata ta mutu, sai jita-jita ta ƙarshe ta shigo: "ai mota iri ɗaya ce, a ciro ta Beljiyam a maƙala kawai." Motoci biyu na iya zama suna ɗaya, shekara ɗaya, amma BCM ɗinsu daban, saboda ɗaya an ƙera ta don kasuwar Amurka ɗaya don Turai, ko ɗaya na da fitilar hazo ɗaya babu. Lambar da ke rubuce a jikin na'urar ita ce abin dubawa. A Peugeot lamarin ya fi tsanani, domin BSI tana riƙe da lambar sirrin makulli tare da kwamfutar inji. Ka maƙala ta wata mota, inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba. Shi ya sa ƙwararru ke sayen saiti guda, BSI da kwamfutar inji da makulli, ko su kwafe bayanan tsohuwar zuwa sabuwar. BSI tana kuma ajiye adadin kilomita, kuma idan nata ya fi na agogon dashbod yawa, agogon na iya ɗaukar nata. Sabuwa fil daga kamfani ma sai an saita ta da manhajar da ta dace, Diagbox ga Peugeot, Techstream ga Toyota, HDS ga Honda, kuma a tabbata batir na da ƙarfi lokacin saitin, don wuta na faɗuwa a tsakiya na iya lalata sabuwar. Wani lokaci ma ba sai an saya ba: rile ɗaya da ya maƙale ko dalma da ta tsage, mai gyaran allon lantarki zai iya canza su.

Mai karatu, kafin ka miƙa kuɗin BCM ka nemi a nuna maka awon batir da na fiyus da idonka, ka rubuta lambar da na'ura ta fitar, ka yi sharaɗi da mai kaya cewa zai karɓi abinsa in bai yi ba, kuma ka riƙe tsohuwar har aiki ya kammala. Sannan ka matsa a gano abin da ya kashe ta, ruwa ne ko waya, a gyara shi kafin a jona sabuwar.