Raba Tsakure Biyu Masu Bin Juna a Markdown

Ɗalibin kimiyyar harshe da ke nazarin karin harshe yakan jera misalai biyu a kusa da juna: abin da mutumin Tahoua ya faɗa, sannan yadda za a faɗe shi a daidaitacciyar Hausa. Idan yana rubutu da Markdown, wato tsarin alamta rubutu marar nauyi da John Gruber ya fitar a 2004, zai sa alamar > a farkon kowane tsakure, ya bar layi guda babu komai a tsakaninsu:

    > Shina da hwarin doki.

    > Yana da farin doki.

A idon marubucin, maganganu biyu ne na bakuna biyu. Manhajar Gruber ta asali kuwa takan haɗe su su zama tsakure ɗaya mai sakin layi biyu, haka ma Python-Markdown wadda ta bi sawunta. Mai karatu sai ya ɗauka mutum guda ne ya ce "shina" ya kuma ce "yana", ya ce "hwari" ya kuma ce "fari". A rubutun hira wannan ƙaramin abu ne, amma a nazarin karin harshe ya rushe hujjar baki ɗaya, domin bambancin bakunan shi ne abin da ake son nunawa.

Tushen matsalar shi ne layin da babu komai yana ɗauke da aiki biyu: yana raba sakin layi, yana kuma iya raba tsakure, kuma bayanin farko na Markdown bai fayyace wanne ke gaba ba. Masu nazarin ma'ana sun san irin wannan harshen damo. A 2014 aka fito da ƙa'idar CommonMark, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Berkeley kuma mai manhajar Pandoc, ya jagoranci rubutawa. Ta yanke hukunci cewa layin da babu komai yana rufe tsakure. Wanda ke son sakin layi biyu cikin tsakure guda sai ya sa alamar > ita kaɗai a layin tsakiya. Wannan ya fi dacewa da hankali, tunda ya bar zaɓi a hannun marubuci. GitHub ya koma kan wannan ƙa'ida a 2017.

Sai dai ɗalibi ba kullum yake sanin manhajar da za ta sarrafa rubutunsa ba, musamman in ya miƙa shi ga wani ya buga. Dabarar da aka saba ita ce sanya sharhin HTML marar komai, wato `<!-- -->`, a layinsa shi kaɗai, da sarari sama da ƙasa. Ba ya fitowa a shafi, amma yana katse tsakuren farko. A reStructuredText, inda ake nuna tsakure ta hanyar tura rubutu ciki, ɗigo biyu (..) a layi su kaɗai ke yin wannan aiki, layin danganta magana da ke farawa da karan-ɗori biyu shi ma yana rufe tsakure.

Akwai wani tarko na daban a Markdown. Layin da ya biyo tsakure kai tsaye, ko da ba shi da alamar >, ana lissafa shi cikin tsakuren. Ta haka sharhin ɗalibi kan faɗa cikin bakin wanda ya yi hira da shi.

Ga aikin bincike, ƴar gajeriyar jimla tsakanin tsakuren biyu ta fi duk wata ɓoyayyiyar alama amfani. In aka rubuta "Daga Tahoua:" kafin na farko, "A daidaitacciyar Hausa:" kafin na biyu, kowace jimla da sarari sama da ƙasa, duk manhajojin nan za su raba su, mai karatu kuma ya san daga inda kowane misali ya fito.