Idan Injin Kwale-kwale Ya Daina Fitsari

Tun da aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a shekarar 1974, mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada suka sami wata sana'a ban da noma, watau su da fito. Yawancin masunta da filafili suke tuƙi. Amma akwai waɗanda suka tara kuɗi, ko suka haɗa kai su biyu ko uku, suka sayi ƙaramin inji irin su Yamaha ko Suzuki mai ƙarfin doki 8 ko 15, suka ɗaura a bayan jirgi. Inji kuwa ba abin arha ba ne, kuɗinsa ya fi na jirgin da koma gaba ɗaya. Abin da ya fi kashe shi da wuri shi ne zafi, wanda rashin ruwa ke kawowa.

Za ka ce, yaya inji da ke cikin tafki zai rasa ruwa? To, ga yadda abin yake. Mota tana da lagireto, babur kuma iska ce ke sanyaya shi. Injin jirgi ba shi da lagireto, ruwan da yake tafiya a kai shi yake sha. A can ƙasa kusa da farfela akwai ƙananan ramuka masu kama da rariya, ta nan ruwa ke shiga. Sama da su kaɗan akwai famfo, a cikinsa kuma akwai wata roba mai fukafukai wadda makanikai ke kira impela. Ita ce ke tura ruwa ta cikin bututu zuwa kan inji, ya zagaya silinda, ya kwashe zafi, ya koma tafki tare da hayaƙi. Masu ƙera inji sun bar wani ɗan rami a gefe inda ruwa kaɗan ke tsartuwa domin mai tuƙi ya gani da idonsa. Shi ne muke kira fitsarin inji.

Saboda haka da ka ta da inji, kafin ka sa giya, waiwaya ka duba. In ba ka ga fitsari ba bayan 'yan daƙiƙoƙi, kashe shi. Kada ka ce bari in ƙara wuta ko zai zo. In kuwa kana tsakiyar ruwa ne ya ɗauke, ko ka ga tururi maimakon ruwa, ko ka ji ƙaurin fenti, kashe nan take, ka ɗauki filafili. Gara ka yi awa biyu kana tuƙi da hannu da fistan ya kama.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ɗaga ƙafar injin daga ruwa ka dubi ramukan shan ruwa. Sau da yawa leda ce ta manne a kai, ko kainuwa, ko tsumman tsohuwar koma. Wani lokaci da ka kashe inji ledar takan saki da kanta ta tafi, ka ɗaga ba ka ga kome ba, ka sāke tayarwa ruwa ya zo. Duba kuma ko ƙafar tana nutsewa sosai. In an jibga buhunan masara ko itace a goshin jirgi, baya yakan ɗaga, famfo ya riƙa shaƙar iska. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela dole ya kasance cikin ruwa koyaushe.

Bayan wannan sai ɗan ramin fitsarin kansa. A ƙasarmu babban mai toshe shi zanzaro ne. Ka jingine inji a zaure ko gindin rumbu mako biyu lokacin girbi, sai ya zo ya cika ramin da laka ya yi ɗakinsa. Nemi igiyar fatsa mai kauri ka zura a hankali, kana juyawa. Kada ka sa ƙusa ko waya, za ta huda tiyon da ke ciki. In ruwa ya ɓarke da ƙarfi, shi ke nan, dama injin yana samun ruwa, hanyar shaida ce kawai ta toshe.

Idan duk an yi waɗannan ba ruwa, ko yana zuwa sa'ad da ka ba da wuta amma ya ɗauke in ka rage, to, impela ce. A nan ne ya kamata mu daɗe.

Robar nan ruwa ne man shafawarta. In ta juya a bushe, ko na rabin minti ne, sai ta yi zafi, bakin fukafukan ya ƙone. Mutane da yawa sukan ja igiya a tudu domin su ji ko inji zai tashi, ko su nuna wa mai saye. Daga ranar nan robar ta sami rauni, ko da ba ta mutu a take ba. In kana so ka gwada inji a gida, cika durom da ruwa har ya haura inda famfo yake da kamar faɗin tafin hannu, sa'an nan ka tayar, kada kuma ka sa giya.

Abu na biyu mai cin ta shi ne yashi. Da damina kogi yakan sauko daga wajen Doguwa da dajin Falgore da jan ruwa mai laka. Da rani kuma, sa'ad da ake sakin ruwa domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, tafki yakan ja baya, gaɓa ta zama taɓo. Mai jirgin da ke shigowa gaɓa da wuta har farfela ta haƙa ƙasa, yashi yake ɗura wa famfonsa, yashi kuwa yana goge roba da kwanon ƙarfen da take juyawa a ciki. Kashe inji tun da sauran zurfi, ka ɗaga shi, ka ƙarasa da gora. Ajiya mai tsawo ma tana ɓata ta, gama fukafukan sukan sandare a lanƙwashe. Shi ya sa ya kyautu a sāke ta sau ɗaya a shekara, ko da ba ta nuna alama ba.

Sāke ta ba aikin da ya gagari mai gyaran injin ban ruwa ba ne. Ana kwance notocin da ke riƙe ƙafar, a saki sandar giya, a zare ƙafar, a buɗe murfin famfo. Lura da ɗan ƙaramin ƙarfen da ke kulle robar da sandar inji. Shimfiɗa tabarma kafin ka fara, domin in ya faɗi cikin yashi ba za ka gan shi ba, in babu shi kuwa sanda za ta yi ta juyawa roba tana tsaye. Ƙirga fukafukan tsohuwar robar. In ɗaya ya ɓalle, nemo guntunsa, yana nan a bututu ko can sama, zai kuwa tare ruwa ko da ka sa sabuwa. Shafa kwanon da yatsa, in ka ji zane mai zurfi a sāke shi tare. Jiƙa sabuwar da ruwan sabulu, ka riƙa juya sandar ta hannun dama, yadda agogo ke tafiya, kana danna murfi, domin fukafukan su kwanta yadda ya kamata. Wajen mayar da ƙafa, tabbata bututun ruwa ya shiga bakin famfo daidai. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: roba sabuwa, ruwa babu, ashe bututu ne ya kauce.

Ka tafi kasuwa da tsohuwar robar da lambar injinka. A ganina mai arhar nan da ba ta da suna asarar kuɗi ce. Sayi biyu masu kyau, ka ajiye ɗaya a inuwa.

Saura abu guda a kan inji, wani ɗan bawul da ake kira tamostat. Shi ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, sa'an nan ya buɗe. Laka takan sa ya kafe a rufe, sai ka ga fitsari yana fita amma kan inji ya yi zafin da ba ka iya taɓawa. Cire shi ka jefa cikin ruwan zafi a tukunya. Mai lafiya zai buɗe kana kallo. Waɗansu makanikai sukan jefar da shi su ce ba shi da amfani a ƙasar zafi. Kada ka yarda. Da sanyin hunturu injin da ba shi da shi ba ya ɗumama, fulogi ya yi ta yin baƙi, fetur yana tafiya a banza.

In kuwa inji ya riga ya taɓa ƙonewa, ka ga fitsari yana fita da kumfa yana yankewa, ko ka kwance fulogi ka tarar da ɗigon ruwa a kai, to, gaskit ɗin kan silinda ya ƙone. Wannan ba gyaran bakin gaɓa ba ne. Kada ka sāke tayar da shi. Ɗauke shi zuwa wurin makanike wanda ya saba da injin jirgi, ka faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana aiki ba ruwa.