Sitaj a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa: abin da ɗalibin shari'a ya kamata ya sani kafin ya aika dosiye

Duk shekara ɗalibai na fitowa daga sashen shari'a na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Tawa da lisans ko mastar a hannu, kuma yawancinsu hanya biyu suka sani: jarrabawar shiga aikin alƙalanci, ko zama ƙarƙashin wani lauya. Akwai ta uku da ba a cika zancenta ba, wato zaman koyon aiki, wanda muke kira sitaj, a kotuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Hanyar tana nan, kuma ɗan Nijar na da damar bin ta. Sai dai abin da ke tare mutane a bakinta galibi kuɗi ne, ba ƙarancin ilimi ba.

Mu soma da Majalisar Ɗinkin Duniya, don ita kowa ke fara tunawa. Sakatariyarta, har da ofishin lamuran shari'a na New York da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Janiba, tana ɗaukar ƴan sitaj na wata 2 zuwa 6. Wanda ke shekarar ƙarshe ta lisans, ko yana mastar ko dokta, ko ya riga ya gama, zai iya nema ta shafinta na Inspira. Aikin kuwa na gaske ne: binciken dokoki, taƙaita hukunce-hukunce, rubuta daftarin rahoto, halartar zaman kwamiti. To amma ba a biyan ko dala. Tikitin jirgi, biza, kuɗin haya, abinci da inshorar lafiya duk a wuyanka suke. A 2015 wani matashi ɗan New Zealand, David Hyde, ya yi ta kwana cikin tanti a Janiba lokacin da yake sitaj, labarin ya karaɗe duniya. In ɗan ƙasa mai arziki ya kasa biyan ɗaki a can, ina ga yaron da ubansa ke noman gero a Tasawa?

Shi ya sa wajibi ne a bambance. Ba duk rassan Majalisar ne ke bin wannan tsari ba. HCR mai kula da ƴan gudun hijira, da UNICEF, da PNUD, da ƙungiyar ƙwadago ta duniya OIT, suna ba ɗan sitaj ɗan alawus na wata-wata. Ba albashi ba ne, amma yana rage zafi. Kuma wasu daga cikinsu na da ofis nan cikin gida. Tun 2019 da dubban mutane suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, ake buƙatar masu sanin dokar ƴan gudun hijira da za su iya zama da mutum su saurari labarinsa da Hausa, su rubuta shi da Faransanci. Wannan wata baiwa ce da ɗalibin Faransa ko na Kanada ba shi da ita, kuma ni a ganina nan ya fi dacewa mutum ya fara, maimakon ya kafe ido kan Turai.

A birnin Lahay na ƙasar Holan akwai wasu kotuna biyu da ake yawan cakuɗa su. Ta farko CIJ, mai raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa. Ba baƙuwa ba ce gare mu: ita ce a 2005 ta yanke cewa tsibirin Lete na Nijar ne a shari'armu da Benin, ita ce kuma ta shata iyakarmu da Burkina Faso a 2013. Tana da shirin da matasa masana shari'a ke zuwa su yi kusan wata 10 suna aiki kusa da alƙali. Abin lura a nan, ɗalibi ba ya nema da kansa, jami'arsa ce ke gabatar da shi. Da can jami'ar ce ke ɗaukar nauyinsa, abin da ya sa manyan jami'o'i masu kuɗi suka mamaye wurin. A ƙarshen 2020 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da kafa asusun tallafi don ƴan ƙasashe masu tasowa da jami'o'in irin waɗannan ƙasashe suka gabatar. Kenan ƙofar da za a ƙwanƙwasa ita ce ta shugaban sashen shari'a na jami'arka.

Ta biyu CPI ce, mai hukunta mutane kan manyan laifuka. Sitaj ɗinta wata 3 zuwa 6 ne, galibi ba biya, sai ɗan tallafi da aka ware wa ƴan ƙasashe masu tasowa da ke cikin yarjejeniyar Roma. Tunda Nijar, Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga kotun a watan Satumban 2025, duk mai son nema ya karanta sharaɗin ƙasa da kyau kafin ya ɓata lokacinsa. Haka ma kotun CEDEAO ta Abuja, bayan ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Kusa da gida akwai wuraren da suka fi sauƙin kaiwa: kotun UEMOA a Wagadugu, kotun OHADA a Abijan ga mai sha'awar dokar kasuwanci, makarantarta ta ERSUMA a Porto-Novo, sai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a Arusha da hukumarta a Banjul. Wagadugu dai a mota ake zuwa, kuma sefa ɗaya muke kashewa.

Dosiyen kansa ba shi da wuya: takardar tarihin karatu, wasiƙar bayyana dalili, sakamakon jarrabawa, da shaidar malami ɗaya ko biyu. Wasu kotuna na neman ɗan rubutun shari'a da ka yi da kanka, don haka kar a yar da memuwar mastar. Wasiƙar ce ke kayar da mutane da yawa, saboda sai a kwafi guda a aika wa ofis goma. Mai tantancewa so yake ya ga ka san aikin sashen da kake nema. Faransanci na isa a wasu wurare, amma wanda ya haɗa da Ingilishi ya fi samun shiga, ga shi Katsina da Kano ba nisa ga mai son ya goge bakinsa.

Sai batun ƴan damfara. Saƙonni na yawo a WhatsApp da Facebook ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ana cewa a turo jika 25 ko 50 na buɗe dosiye ko na biza. Majalisar ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikaci ko ɗan sitaj. Duk sanarwar da ba ka gani a shafin ƙungiyar kanta ba, kar ka tura mata ko hoton fasfo ɗinka.