Rabin daƙiƙa tsakanin ido da kalma

Ku duba waɗannan biyun da sauri: littafi, littafo. Kafin ku ƙifta ido kun gane ta farko Hausa ce, ta biyun kuma shirme. Wannan ɗan lokacin, wanda ga babban mutum bai cika wuce rabin daƙiƙa da kaɗan ba, shi wasu masana suke aunawa.

A Jamus, Pauline Schröter da Sascha Schroeder na Cibiyar Max Planck da ke Berlin sun tara kalmomin Jamusanci 1,152, suka gwada su kan 'yan firamare da matasa da dattawa, suka fitar da sakamakon a 2017. Kalma ta fito a kwamfuta, ka danna maɓalli ɗaya in ta gaske ce, ɗayan in ta bogi ce, na'ura ta ƙirga lokacin. Aiki ne na gayya. A Amurka ma sai da jami'o'i shida suka haɗa hannu kafin su gama kalmomin Turanci sama da 40,000, suka wallafa sakamakon a 2007.

Abin da irin wannan bincike ya sha nunawa shi ne, kalmar da ido ya saba gani ita ake saurin ganewa. Doguwar kalma kuwa yaro ta fi wahalarwa. Babba yakan ɗauke ta kusan a dunƙule.

Nan ne abin ya taɓa mu 'yan Sabon Birni da Isa. A gida muna cewa "biyat", littafi ya ce "biyar". Muna cewa "hwara", ya ce "fara". Muna cewa "shi na", ya ce "shi ne". Da yawanmu kuma da allo muka fara, ido ya saba tafiya daga dama zuwa hagu kafin boko ta juya shi. Ƙara da makonnin da rashin tsaro ya hana wasunmu shiga aji. To in ɗan Gobir ya ɗan tsaya a kan kalma a jarabawar Hausa, wa ya isa ya ce masa daƙiƙi? Idonsa ne bai gamu da ita sau da yawa ba.

Ku gwada da kanku. Ku rubuta kalmomi ashirin a guntayen takardu, goma na littafi, biyar na Gobiranci, biyar na bogi. Ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya amsa, na uku ya riƙe agogon waya. Sannan ku ba 'yan wani ajin takardun, ku kwatanta.