Taurin bayan gida: Abin da ke haddasa shi da yadda ake magance shi

A tashoshin mota da kasuwannin Arewa, masu tallar maganin basir da wankin ciki ba sa rasa ciniki. Da yawa daga masu saye, taurin bayan gida ne ke damun su, kuma kunya ke hana su kai kuka asibiti.

A ma'aunin likitoci, matsalar ta zama mai daɗewa idan mutum ya kai wata 3 yana fama da aƙalla biyu daga cikin alamominta: zagayawa ƙasa da sau 3 a mako, yawan yunƙuri, bayan gida mai tauri kamar na akuya, ko jin bai fita duka ba.

Me ke jawo shi?

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci. Duk abin da ya jinkirta tafiyar ragowar nan, yana ƙara busar da ita. Shi ya sa ƙarancin shan ruwa, yawan zama wuri ɗaya da danne bayan gida ke kan gaba. Dannewar kuwa sau da yawa tilas ce, domin makarantu, kasuwanni da ofisoshi da dama ba su da ban-ɗaki mai tsafta.

Sauyin cima ma na da hannu. Burodi, taliya da farar shinkafa ba su da faiba kamar wake, gero, zogale, kuka da kuɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana.

Akwai kuma magunguna. Tiramol da kodin suna rage motsin hanji sosai, kuma binciken amfani da ƙwayoyi na 2018 ya kiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan ba bisa umarnin likita ba. Maganin ƙarin jini da wasu magungunan hawan jini su ma suna taurara bayan gida, haka nan juna biyu, ciwon suga da raunin aikin maƙoƙo.

Yadda ake magance shi

Ana farawa da ƙara wake, ganye da 'ya'yan itatuwa sannu a hankali, don kada ciki ya kumbura, tare da shan ruwa da tafiya a ƙafa. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, don haka lokacin ya fi dacewa da zagayawa, kuma tsugunno yana sauƙaƙa fita.

Idan hakan bai wadatar ba, likita kan rubuta lactulose ko macrogol, masu riƙe ruwa a hanji, ko bisacodyl da senna, masu zaburar da shi. Senna dangin filasko ne, sai dai na asibiti an san adadinsa, na kwalbar tasha kuwa ba a sani ba. Wankin ciki yana fitar da abin da ya taru, amma ba ya taɓa musabbabin.

Yaushe ya wajaba a ga likita?

Jini a bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, ko taurin da ya faro kwatsam bayan shekara 45, duk suna buƙatar bincike, domin kansar hanji kan fara da irin waɗannan alamomi. Wanda ya kira kowane jini basir ya ci gaba da shan jiƙo, yana iya isa asibiti bayan lokaci ya ƙure.