Achimota: Makarantar da Ta Zaunar da 'Ya'ya Mata da Maza a Aji Ɗaya Tun 1927

Wanda ya bar tsakiyar Akra ya nufi arewa ta hanyar Nsawam, kafin ya yi nisa zai tarar da wata unguwa mai cunkoson motocin haya da 'yan tireda. Da ya ratse kaɗan sai hayaniya ta ɗauke, manyan itatuwa su rufe hanya, can ciki ya hango dogon gini mai hasumiya da agogo a ƙirjinta. Nan ce makarantar Achimota. Lokacin da aka zaɓi wurin, daji ne da tudu, nesa da gari. Yau gari ya biyo ta har ya zagaye ta.

Sunan daga harshen Ga ya fito, yana nufin kada a ambaci suna. Mutanen yankin suna danganta shi da zamanin cinikin bayi, lokacin da waɗanda suka tsere kan ɓuya a dajin, kowa kuma ya kame bakinsa.

Mutum uku ne ake jingina wa kafuwarta. Na farko Gordon Guggisberg, gwamnan Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, wanda ya hau mulki a 1919 ƙasar tana samun kuɗin koko, ya kuma ƙudura cewa wani kaso zai tafi ga ilimi. Na biyu Alexander Fraser, wanda ya yi shekaru yana shugabantar wata kwaleji a Kandy ta ƙasar Silon kafin a kira shi ya zama shugaban farko. Na uku shi ne ɗan ƙasa, James Kwegyir Aggrey, haifaffen Anomabu, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Amurka. An aza harsashi a 1924, aka yi bikin buɗewa ranar 28 ga Janairun 1927 da sunan Kwalejin Yariman Wales. Aggrey bai ga amfanin shukarsa ba, domin a watan Yuli na wannan shekarar Allah ya yi masa rasuwa a New York.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne yadda aka shigar da 'ya'ya mata tun ranar farko. A wancan zamani yawancin makarantun sakandare na ƙasar na mishan ne, na maza daban, na mata daban, kuma abin da aka fi koya wa mata shi ne ɗinki da girki da kula da gida. Aggrey da Fraser suka dage cewa yarinya za ta zauna a aji ɗaya da yaro, malami ɗaya, darasi ɗaya, jarrabawa ɗaya. Hujjar Aggrey ita ce ilimin mace ba ya tsayawa a kanta, yana ratsa gidan da za ta riƙe gaba ɗaya. Akwai Turawa da 'yan ƙasa da suka ga abin ganganci ne. Mu tuna cewa a 1922 Hugh Clifford, wanda shi ne gwamnan Gwalkwas kafin Guggisberg, ya buɗe Kwalejin Katsina, kuma maza zalla aka ɗauka. Tazarar shekara biyar ce kacal tsakanin makarantun biyu, amma kowace ta ɗauki hanyarta kan batun 'ya mace.

Kada a ɗauka haɗawar ce kawai sirrin. An gina wa mata gidajen kwanansu daban, da malamai mata masu sa ido a kansu, aka kafa doka mai tsauri kan shiga da fita. Gwamnati ta zuba kuɗi na gaske: ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, gona, asibiti, filayen wasa, ɗakin karatu. Iyaye suka ga da idonsu cewa 'yarsu tana hannun amana, shi ya sa suka sake ta. Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. Susan Ofori-Atta, mace ta farko da ta zama likita a ƙasar, a nan ta yi karatu. Haka Annie Jiagge, wadda ta kai matsayin mai shari'a a kotun ɗaukaka ƙara.

Tambarin makarantar maɓallan fiyano ne, baƙi da fari. Daga misalin Aggrey aka ɗauko shi: za a iya fitar da sauti da fararen maɓallai kaɗai ko baƙaƙen kaɗai, amma kiɗa ba ya cika sai an haɗa su. Makarantar ba ta bar wannan a kan tambari kawai ba. A zamanin da ake dukan yaro a wasu wurare don ya yi yaren uwarsa, a nan ana koyar da Twi da Fante da Ewe da Ga. Ephraim Amu, wanda coci ta sallama daga aikin koyarwa saboda ya yi wa'azi da tufafin gargajiya, ya sami mafaka a Achimota a 1934, yana koyar da kiɗa da ganguna. Ko mu a Najeriya muna da ɗan rabo a ciki. Michael Cardew, Baturen nan mai ginin tukwane, Achimota ce ta fara kawo shi Afirka ta Yamma a 1942, daga baya ya kafa cibiyar koyar da tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja, inda Ladi Kwali ta ƙware har hotonta ya hau naira ashirin.

Batun shugabanni kuwa sananne ne: Kwame Nkrumah ya yi horon malanta a nan, John Atta Mills da Jerry Rawlings da Dawda Jawara na Gambiya duk sun ratsa ta. Jami'ar Gana ma a harabarta ta fara a 1948 kafin ta koma Legon. Tsofaffin ɗalibai, mace da namiji, suna kiran junansu Akora.

Yau nauyin ya ƙaru. Tun da aka mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, ɗalibai sun yi yawa, ɗakunan kwana sun cika. Filin da Guggisberg ya ware mata ya zama nama a idon masu gine-gine, makarantar ta sha zuwa kotu don kare iyakarta.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a 2021, lokacin da makarantar ta ƙi karɓar wasu yara biyu mabiya Rasta da suka ci jarrabawar shiga, sai in sun aske gashinsu. Hukumar makaranta ta ce doka ɗaya ce ga kowa, iyayen suka ce gashin addini ne, suka kai ƙara kotu. Musulmin zango sun bi shari'ar da kyau, domin a wannan shekarar ce aka yi ta ce-ce-ku-ce kan hana ɗalibai azumi a wata makarantar 'yan mata ta mishan, ga kuma tsohuwar taƙaddamar hijabi. A ganina makarantar ta yi kuskure, domin wadda ta buɗe wa 'ya mace ƙofa lokacin da ake ganin hakan ganganci bai kamata ta rufe wa yaro ita saboda gashi ba. A ƙarshen watan Mayu babbar kotu a Akra ta yanke cewa an tauye wa yaran haƙƙinsu na ilimi da na addini, ta umarci a ɗauke su. Ɗaya daga cikinsu ya shiga da gashinsa, ya kammala a 2023 da sakamako mafi daraja a duk darussa takwas da ya zauna.