Bikin Yaye Ɗalibai a Samaru: Alkyabbar Haya da Tabarmar Iyaye

Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya ba ya jiran hukuma ta ce masa ya gama. Ranar da ya ajiye biro a jarrabawarsa ta ƙarshe, ranar yake yaye kansa da kansa. Tun da safe za ka gane 'yan ajin ƙarshe, domin kowa ya zo da farar riga mai gajeren hannu, ko dai a jikinsa ko a cikin jaka, ga alƙalamin maka a aljihu. Ana fitowa daga zauren jarrabawa sai ihu ya kaure. Wannan ya juya baya, wancan ya danna masa rubutu a kafaɗa, wani ya sa hannu a ƙirji, wani ya zana lambar wayarsa. Kafin la'asar farar riga ta koma allo, babu masaka tsinke. Abin da ɗalibai ke kira sayin-awut ke nan. 'Yan mata da yawa ba sa yarda namiji ya yi musu rubutu a jiki, sai su riƙo farin gyale ko wani ƙyalle a hannu, a shimfiɗa a kan bonet ɗin mota a rubuta. Abin da ake rubutawa bai wuce addu'a da tsokana ba: Allah Ya ba da miji nagari, kada ka manta da mu in ka zama gwamna, sai mun haɗu a bautar ƙasa.

Malamai da dama ba sa ƙaunar wannan al'ada, kuma suna da hujja. Akan samu masu tseren mota a cikin makaranta, da masu watsa wa juna ruwa, da masu kiɗa har gaban ajin da wasu ke tsakiyar jarrabawa. Jami'o'i da yawa a Nijeriya sun sha fitar da sanarwar hana sayin-awut ko taƙaita shi. Wani abin dariyar ma shi ne, a cikin masu tsallen nan akwai wanda sakamako zai fito ya tarar da kari-oba tana jiransa, ya dawo baɗi ya sake zama a aji da ƙannensa, rigar da aka cika da sa hannu tana ninke a ƙasan akwati. Duk da haka ban ga laifin murnar kanta ba. Wanda ya shigo karatun shekara huɗu ya yi shida saboda yajin aiki, ai ba a hana shi ihun rana ɗaya.

Tsakanin wannan rana da bikin hukuma akwai tafiya. Sai ɗalibi ya kare furojet ɗinsa gaban malamai, sai sakamako ya bi ta sashe, ya bi ta tsangaya, ya isa majalisar malaman jami'a, wadda ita kaɗai ke da ikon cewa wane ya cancanci digiri. Sai kuma yawon kiliyarans: ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya shaida ba ka riƙe masa littafi ba, ofishin kuɗi ya shaida ba a bin ka bashi, ɗakin kwana ya shaida ba ka karya gado ba. Shi ya sa sau da yawa kafin a kira bikin, ɗalibin ya riga ya karɓi takardar sakamakonsa, wani ma yana can Inugu ko Kalaba sanye da kakin bautar ƙasa, shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Idan shekara ta zo da gardama, kamar 2020 da ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi wata 9 tana yajin aiki, ko 2022 da ta yi wata 8, jami'o'i kan haɗa yaye biyu ko uku su yi a zama ɗaya. A irin wannan taro za ka ga mai karɓar digiri ta zo da goyo, an ɗaura aure an yi suna duk a cikin jiran.

Bikin hukuma ba yini ɗaya ba ne. Shugaban jami'a yakan fara da ganawa da 'yan jarida, ya faɗi yawan waɗanda za a yaye da yawan waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya. Wannan adadi shi kowa ke kasa kunne ya ji, domin a ma'aunin maki 5.00 sai wanda ya kai 4.50 ake ba shi, kuma Samaru ta yi suna wajen maƙo da shi. Akan yi lacca ta musamman wadda ake gayyato wani babban mutum ya gabatar, akan yi addu'o'i a masallaci da coci. Ranar ƙarshe, wadda galibi Asabar ce, ita ce ta dandali, a filin taron da ke ɗauke da sunan Manjo Janar Mamman Kontagora, sojan da aka ba riƙon jami'ar daga 1995 zuwa 1998.

Duk tsarin da ake bi a dandalin nan gadon Ingila ne. Doguwar alkyabbar da ake sakawa ta samo asali daga tufafin malaman coci na tsofaffin jami'o'in Turai irin su Bolonya da Paris da Oksfod, inda ake karatu a ɗakunan dutse masu sanyi. Ta shigo Nijeriya ta Kwalejin Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Ta iso Zariya da aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962, da Norman Alexander, mutumin New Zealand, a matsayin shugabanta na farko, kafin Farfesa Ishaya Audu ya gaje shi a 1966. Idan biki ya faɗo cikin hunturu, alkyabbar takan yi rana. Idan kuwa bazara ce, ka tausaya wa farfesan da ya sa babbar riga, ya ɗora alkyabba mai nauyi a kai, ya zauna awa huɗu yana fifita da takardar shirin taro.

Shigowar manya ita ce abin kallo. Ɗalibai sun riga sun zauna tsangaya-tsangaya, sai a ce kowa ya miƙe. Jerin gwanon yana tafiya ne daga ƙarami zuwa babba: malamai a gaba, kowa da kalar alkyabbar jami'ar da ta ba shi digirinsa, shi ya sa layin ke fitowa launi-launi, sai shugabannin tsangayoyi, sai 'yan majalisar gudanarwa, sai magatakarda da shugaban jami'a. Can baya ga mai ɗauke da sandar girma a kafaɗa, yana takawa a hankali, Uban Jami'a na biye da shi. Sai an kwantar da sandar a mazauninta Uban Jami'a ya furta cewa ya buɗe taro, kafin nan duk abin da aka yi zaman jira ne. A jami'ar tarayya akwai kujerar shugaban ƙasa, wanda doka ta ba matsayin mai duba jami'a, amma kasafai yake zuwa da kansa, sai dai a karanta jawabinsa ta bakin minista ko wani wakili.

Kujerar Uban Jami'a tana da nata labarin. Sardauna Ahmadu Bello ne ya fara hawanta. Bayan kashe shi a Janairun 1966 sai ta koma hannun Oba Akenzua na Biyu, sarkin Benin, wanda har yau akwai ɗakin kwanan ɗalibai mai sunansa a Samaru. Cif Obafemi Awolowo, babban abokin hamayyar Sardauna a siyasa, shi ma ya zauna a kanta a shekarun 1970. Tun 2015 kuma Obi na Onica, Igwe Nnaemeka Achebe, ke riƙe da ita. Wannan ba dace kawai ba ne. Gwamnatin tarayya ta daɗe da al'adar ɗauko basarake daga wani yanki ta kai shi jami'ar wani yanki, kamar yadda Sarkin Kano Ado Bayero ya taɓa zama Uban Jami'ar Nsukka, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar kuma ya zama na Ibadan. Saboda haka a dandali ɗaya za ka ga tawagar basaraken Ibo da jajayen huluna, ga dogaran Sarkin Zazzau da rawunansu, ga kakaki na tashi, ga 'yan sandan badujala suna busa taken ƙasa. Ban san wani taro a Arewa da ke haɗa wannan gamin gambiza ba, kuma ya zauna daram.

Ba da digirin kansa gajere ne, har yakan ba baƙo mamaki. Shugaban tsangaya ya tashi, ya ɗaga hularsa ga Uban Jami'a, ya ce ɗalibansa su miƙe, ya gabatar da su a matsayin waɗanda aka samu sun cancanta ta fuskar hali da ta ilimi. Hali ake fara ambata, ilimi ya biyo baya, kuma malamai na son tuna wa ɗalibai hakan. Uban Jami'a ya amsa da cewa ya ba su digirin, har da waɗanda ba su samu halarta ba. Shi ke nan. Mutum dubu sun zama masu digiri da jimla ɗaya. A wurare da yawa a nan ne ake juya tuntun hular nan mai kusurwa huɗu daga dama zuwa hagu. Waɗanda ke samun hawa dandamali su yi musabaha da manya su ne zakarun tsangayoyi, da gwarzon shekara, da masu digirin digirgir, waɗanda hularsu mai taushi ce, zagayayya. Jefa hula sama kuwa baƙuwar al'ada ce da aka ɗauko daga Amurka, kuma mai hankali ba ya jefa tasa da nisa, tunda ta haya ce, in ta ɓata shi zai biya.

Inda taron ke jan lokaci shi ne wajen digirin girmamawa. Mai jawabin jami'a zai tashi ya jero tarihin wanda za a karrama, ya wasa shi da Turanci mai nauyi, aikin da in a fada ne maroƙi ke yin sa. Sannan a yafa masa alkyabba a ɗora masa hula. A wannan fanni Samaru tana da abin alfahari. A 1977 ta karrama Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. A 1988 ta karrama Alhaji Mamman Shata, wanda daga nan sunan Dakta ya bi shi har kabari. Babu ɗayansu da ya zauna a ajin jami'a, kuma babu wanda ya isa ya ce ba su ci digirin nan da guminsu ba. Daga baya ne abin ya lalace a faɗin ƙasar, ya zama duk mai kuɗi ko mai mulki yana iya wayar gari Dakta. Da ƙorafi ya yi yawa, shugabannin jami'o'i suka haɗu a Keffi a 2012 suka amince a daina ba masu riƙe da muƙamin gwamnati, a kuma rage yawan waɗanda ake ba a shekara. Ba kowace jami'a ce ta riƙe alkawarin ba.

Duk wannan a cikin dandali ne, kuma mafi yawan iyaye ba sa ganin ko ɗaya. Katin gayyata kaɗan ne, dangi kuwa mota guda suka ciko daga Funtuwa ko Kafanchan ko Gashuwa. Saboda haka bikinsu a waje yake, ƙarƙashin itatuwa. Kowane gida ya kama inuwarsa, an shimfiɗa tabarma, an sauke kulolin shinkafa da waina da soyayyen nama, ga zoɓo da kunun aya a jarka. Gefe guda iyalin wani daga Binuwai sun kafa rumfa suna rera waƙoƙin coci, su ma da tasu sakwarar. Masu hoto na zagayawa da samfurin firam a hannu, yara na tallar ruwa, masu tsire sun tayar da hayaƙi. Lasifika na can tana kawo jawabin wakilin shugaban ƙasa, babu mai sauraro.

Da an sallami taro ɗalibi ya fito yana neman nasa da waya a kunne. Goggo ce ke fara hango shi, ta rangaɗa guɗa. Ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa da alkyabbar da komai, tsohon ya dafa kansa ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Allah Ya sa mai amfani ne." Daga nan sai a shiga abin da, a ganina, ya fi duk jerin gwanon farfesoshi ma'ana. Ɗalibi ya tuɓe alkyabbar ya yafa wa mahaifiyarsa a kan hijabinta, ya ɗora mata hular. Ita tana noƙewa, tana cewa, "Kai ɗan nan, raba ni da abin kunya, ni da ban san ko bihim ba." Shi kuwa ya nace, "Inna, ai ke kika yi karatun, tsaya a ɗauka." Kowa a wurin ya san awakin da aka sayar da adashin da aka kwasa kafin a kawo yau. Bayan ita sai alkyabbar ta zagaya: Baba ya sa, ƙanne su sa tana jan ƙasa, har jaririn yaya a ɗora masa hula ta rufe masa ido. Hoton uwar nan shi ake wankewa babba a rataye a falo.

Wasu kuma da sauran rantsuwa a gabansu. Sabon likita sai hukumar likitoci ta ƙasa ta rantsar da shi a wani taro daban kafin ya taɓa majiyyaci da sunan likita, haka masu haɗa magunguna da likitocin dabbobi, kowa da hukumarsa. Wanda ya karanta shari'a a harabar jami'ar da ke Kongo sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi, ya ci tata jarrabawar, sannan ya sa hular gashin dokin nan ta lauyoyi a ka.

A gida ana yin walima, kuma a nan al'adar boko ta sauka a kan tsohuwar shimfiɗa, domin gidajen da suka saba yanka rago ranar saukar Alƙur'ani ba sai an koya musu yadda ake murnar gama karatu ba. Akan kira malamin unguwa ya yi addu'a bayan la'asar, a raba abinci gida-gida, 'yan mata su raba robobi da littattafan rubutu masu hoton mai digiri. Ba a tashi daga tabarmar ba tambayoyi ke farawa. Namiji a ce masa ina aka tura shi bautar ƙasa, kuma wa ya sani a Abuja. Mace kuwa goggonninta ba sa ɓoye-ɓoye: karatu dai an gama, yaushe za a kawo kayan sa rana? Alkyabbar kuma dole a mayar da ita ofishin da aka karɓo ta cikin kwanakin da aka yanka, da hula da tuntunta cif, in ba haka ba a ci mutum tara.